Yadda zaki kula da gashinki kuma ki fito tsaf da ɗan kuɗi kaɗan in ke mai jiki ce

'Yan uwa mata masu jiki wannan naku ne, musamman wadda ta gaji da shiga shago ana ce mata hajiya babu sayis ɗinki, ko ta kai ɗinki tela ya dawo mata da riga hannu ya ƙi wuce damtse. Zan fara da gashi sannan mu gangaro kan sutura, don duka biyun matsalarsu ɗaya ce a wajen kuɗi, ba tsadar kaya kaɗai ke cinye mana aljihu ba, sayen abinda bai dace damu ba ne, a saya a ajiye a sake saye, a ɗinka a kasa sawa. In kin gyara tushen, sauran da sauƙi.

Gashi tukun, kuma daga tsifa ake farawa

Yawancin gashin da muke asara ba wajen wanki yake tafiya ba, wajen tsifa ne. Kitso yayi sati uku a kai ya bushe ƙayau, sai a ɗauko tsinke ko kibiya a hau figa ana sauri, gashi na kakkaryewa ana cewa ai dama haka yake. Toh kafin ki taɓa kitson ki samu 'yar robar feshi ki zuba ruwa ki ɗiga man zaitun ko man kwakwa a ciki ki girgiza, ki fesa a kan kitson har yayi laushi, sannan ki fara warwarewa daga jela kina hawa sama. In kin gama layi ɗaya kisa yatsunki ki cire dattin nan da yake taruwa a gindin kitso kafin ki wuce na gaba, don in kika barshi ruwa ya taɓa shi sai ya dunƙule ya zama ƙulli, daga nan sai almakashi. Zaki ga gashi ya fito da ɗan yawa a hannunki, kar hankalinki ya tashi, mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a kullum, wanda yake cikin kitso bai samu hanyar faɗuwa ba shine ya taru ya fito lokaci ɗaya. Abin dubawa shine tsayin abinda ya fito, in dogaye ne da ɗan farin abu a gindi to zubar yau da kullum ce, in kuwa guntaye ne gutsi-gutsi a kafaɗa da ƙasa to karyewa yake, bushewa ce ko wahalar mataji.

Mataki na biyu wanki. Ki raba gashin gida huɗu ki kama kowanne da ribom ko ki masa kalaba sako-sako, ki dinga wanke ɗaya bayan ɗaya, wannan kaɗai yana rage cukurkuɗewa sosai. Ruwan ya zama mai ɗumi, banda mai zafi. Fatar kan ita ake wankewa, da tsokar yatsu, banda farce, kumfar da ta gangaro ta ishi jelar. In kina da shamfu mai laushi kiyi amfani dashi, in babu sabulun salo yana yi amma ki narka ɗan kaɗan a ruwa tukun kar ki goga shi kai tsaye, yana da ƙarfi yana busar da gashi. Omo da sabulun wanki dan Allah a barsu wa kaya. Wadda kuma take samun karkashi ta more, 'yan uwanmu na Borno da Chadi sun daɗe da sanin amfaninshi, busasshen ganyen zaki jiƙa a ruwan ɗumi kamar minti 15 har yayi yauƙi, ki tace, ki zuba a kai kina bi da yatsu, santsin nan nashi yana warware gashi fiye da kwandishina masu tsada da yawa, kuma kuɗin ƙulli ɗaya bai taka kara ya karya ba. Sau nawa za'a wanke? Lokacin zafi, mu da muke yini da ɗankwali da hijabi ga gumi, kar ya wuce sati ɗaya zuwa kwana 10 ko da kitso a kai, lokacin hunturu sati biyu ba laifi.

Na uku shine wanda mutane suke tsallakewa, ba gashi danshi. Man shafawa ba danshi bane, ruwa ne danshi, mai aikinshi ya rufe ruwan kar ya gudu. Shi yasa zaki ga mace kullum tana lafta mai a busasshen kai amma gashin na nan kamar busasshiyar ciyawa, sai maiƙo a filo da ɗankwali. Bayan wanki ki shafa kwandishina, ki taje da babban mataji mai manyan haƙora daga jela zuwa gindi tun yana jiƙe, ki ɗauraye. Sau biyu a wata kiyi stimin a gida, ba sai kin je salun ba: man kaɗanya cokali biyu ki narka shi a cikin kwanon da kika ɗora kan ruwan zafi, man zaitun cokali ɗaya, zuma cokali ɗaya, ki haɗa da kwandishinanki, ki shafa lungu-lungu, ki rufe da leda ki ɗora tawul ko hula, ki cigaba da aikinki na minti 30 zuwa 40, ɗumin jikinki ya isa. Masu son hulba su jiƙa ta kwana su markaɗa su tace sosai kafin su sa, in ba'a tace ba sai kin sha wahala kafin ɓarɓashin ya fita, kuma warinta yana zama a kai. Ƙwai kuwa in kin sa, da ruwan sanyi ake wankewa.

Maganar cebe, garin nan na matan Chadi da ya cika kasuwa yanzu. Yana taimakawa wajen hana karyewa don ana kwaɓa shi da mai a shafa a jikin gashi a kitse a barshi, amma a jikin gashin ake sawa, ba'a fatar kai ba, in ya taru a fata ƙaiƙayi yake kawowa. Kuma kar wata mai talla ta ce miki zai fito miki da gashi har gadon baya a wata ɗaya, gashin ɗan Adam kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata, duk abinda muke yi ƙoƙari ne na ganin wanda ya fito bai karye ba.

Na huɗu busarwa, nan ma akwai gyara. Kar ki ɗaura ɗankwali ko ki zura hular hijabi a kan jiƙaƙƙen kai, daga nan ne wari da ƙaiƙayi da amosani suke samun wajen zama. Ki matse ruwan da tsohuwar riga mai laushi ta auduga, ki shafa ɗan mai tun da sauran laima, ki yi kalaba manya guda shida ko takwas ki barshi ya sha iska a cikin gida. Haka bayan wankan tsarki, tunda ruwa ya ratsa gindin kitso ki bashi lokaci ya bushe kafin ki rufe. In da wuta kuma kina da diraya ki sa ta a mai sanyi ko ɗumi kaɗan.

Na biyar kitso, kuma a nan nake so in daɗe don abin yana damuna. Gaban goshin mata da yawa ya tafi saboda kitso mai zafi, ana ganin in ba'a ja ba har ido ya ɗage bai yi kyau ba, in kika kasa kwanciya daren da aka miki kitso ko kika ga ƙananan ƙuraje a bakin layi to an ja da yawa, kuma in aka daɗe ana haka saiwar gashin mutuwa take yi, babu man da zai dawo da ita. Ki gaya wa mai kitsonki tun kafin ta fara, ki ce dan Allah a sassauta hannu, ƙananan gashin gaba kuma a barsu kar a kama. In tana kitsawa ki dafe gindin layin da yatsa. Kar ki dinga maimaita salo ɗaya, wannan karon shuku, wani karon a zubo dashi baya, wani karon kalaba ko kitson zare, don jan ya dinga sauya waje. Ƙananan kitso sosai suna da kyau ranar biki amma ba na kullum bane. Sati biyu zuwa uku ki tsefe, ki bar kan ya huta ko kwana biyu ne. Wadda take sa rilaksa ta bari sai bayan sati 10 zuwa 12, kuma a sabon tsiron kawai za'a shafa banda wanda ya riga ya miƙe.

Kullum kuma abu kaɗan ne. Da safe ko bayan kwana biyu ki fesa ruwan nan naki, ki bi layin da ɗan man kaɗanya a yatsa, da daddare ki kwana da hula mai santsi ta satin, in babu ki sayi yadin a kasuwa tela ya ɗinka miki biyu har da rigar filo. Hular cikin hijabi ki samu guda uku ko huɗu kina canzawa kina wankewa, kuma kar robarta ta dinga zama daidai kan gashin gaba tana gurza. In amosani ya ƙi ji ki nemi shamfu mai ketoconazole a kemis, a barshi a kai minti 3 zuwa 5 kafin a wanke, sau biyu a sati. Mai jego da taga gashi na zuba wata uku ko huɗu bayan haihuwa ta kwantar da hankali yana dawowa. Amma in kina ganin fili-fili a kai, ko zubar ta haɗu da kasala da jiri, ki je asibiti a duba jininki, ƙarancin jini yana zubar da gashi kuma ba mai ne maganinshi ba.

Yanzu sutura

Kafin atamfa kafin leshi, rigar mama. Wallahi ɗinkin dubu nawa kika yi in na cikin bai zauna ba rigar bazata zauna ba, kuma ciwon kafaɗa da baya da yawancinmu muke fama dashi har da wannan a ciki. Ki ɗauko tef, ki auna ƙasan ƙirji daidai inda robar take zama ki ɗan matse, sannan ki auna saman inda yafi cika ba tare da matsewa ba. Bambancin da ke tsakanin awo biyun shi yake nuna harafin girman kofin rigar maman, inci ɗaya shine A, biyu B, uku C, huɗu D, haka yake hawa. Wannan mafari ne kawai, sai kin gwada, don kamfani kowanne da yankanshi. Ki nemi mai faɗin baya mai maɓalli uku ko huɗu da hannu mai faɗi, bayan ya kwanta a miƙe kar ya hau sama, don shi yake ɗaukar yawancin nauyin ba igiyar kafaɗa ba. Guda biyu masu kyau, baƙa da kalar fata, sun fi guda shida da suke yanka miki jiki. Ki wanke da hannu ki shanya a inuwa su daɗe.

Sai awo. Ki sa a auna ki da wannan rigar maman a jikinki, kina tsaye yadda kika saba, banda shanye ciki, ki rubuta a wayarki: kafaɗa, ƙirji, ƙasan ƙirji, ƙugu, mazaunai inda yafi faɗi, zagayen damtse, zagayen hammata, tsayin hannu, tsayin riga. Damtse da hammata su ne teloli suka fi yin ganganci dasu wa masu jiki, ki tsaya a kansu. In baki son namiji ya auna ki, 'yar uwarki ta auna ki a gida, ko ki kai rigar da tafi zama miki daidai a matsayin gwaji. Duk bayan wata shida ki sabunta, jiki yana canzawa da azumi da goyo da shekaru, ba abin kunya bane.

Daga nan ki kalli jikinki ki gane inda yafi cika, don masu jiki ba iri ɗaya bane. Wadda ƙasanta yafi cika, ƙugu ya shiga, doguwar riga mai kama ƙasan ƙirji ta buɗe zuwa ƙasa tana mata kyau ƙwarai, haka siket mai falle shida da riga da ta sauko ta rufe rabin mazaunai. Wadda ƙirjinta yafi cika ta guji wuyan da ya shaƙe da tarin ado da duwatsu a gaba, wuya mai siffar V madaidaici ko mai kusurwa huɗu yafi, in kina ganin ya buɗe da yawa a sa masa ɗan yadi daga ciki. Wadda tumbi ne damuwarta kar a yanka mata riga a tsakiyar ciki, a ɗaga yankan sama ƙarƙashin ƙirji, ko ta yi bubu mai kama kafaɗa daidai, ko kimono a kan doguwar riga mara ado. Bubu abokiyarmu ce amma ba wadda aka haɗa yadi biyu aka huda wuya kawai ba, a ce wa tela ya bi da ɗinki ta ciki a gefe da gefe ya fitar da siffa kaɗan, sai ta zuba da kyau. Ni ban yarda da maganar wai mai jiki sai baƙi da ruwan toka ba, ki sa jan ki da ɗorawa da shuɗi, abinda kawai zan ce shine kala ɗaya daga sama har ƙasa tana ƙara tsayi, kuma zanen atamfa da yake tafiya a tsaye yafi wanda yake kwance.

Wajen yadi, nauyinshi da yadda yake zuba ya fi sunanshi muhimmanci. Ki kama gefe ki ɗaga ki saki, in ya zuba ya kwanta to zai bi jiki da mutunci, in ya tsaya ƙiƙam zai ƙara miki faɗi, in kuma mai sheƙi ne siriri mai mannewa duk wani lanƙwasa sai ya nuna. Auduga ce ta zafinmu, mai roba da yawa gumi take tarawa a hammata da ƙasan ƙirji. Turmin atamfa yadi 6 ne, leshi yawanci 5, in kina da jiki sosai ki tambayi tela salon da kike so zai fita har da ɗankwali kafin ya sa almakashi, in bazai isa ba a haɗa da yadi mara zane mai kalar da ta shiga, a hannu ko a gefe, yana ma ƙara kyau kuma ya fi arha akan sayen turmi na biyu. Ba dole sai Holan ko Sufa ba, matsakaitan atamfofi in kin dace da mai auduga suna shekaru, ki jiƙa bakin ƙyalle da ruwa ki murza a farin hankici ki gani ko tana zuba.

In kina Kano, Kantin Kwari nan ne gidan atamfa da leshi da shadda, kuma sari ya fi sauƙi, ku haɗu ku uku ko huɗu ku saya tare a rage muku. Kar ki saya a shagon farko, ki zaga ki ji farashi a wurare uku. Lokaci ma yana da tasiri, gab da sallah komai tashi yake teloli kuma sun cika, ki yi sayayyarki tun kafin azumi ko bayan sallah da sati biyu. Gwanjo kuma ba abin raini bane, Ƙofar Wambai a Kano da Kasuwar Barci a Kaduna ana samun dogayen riguna da kimono da jaka masu kyau, kuma manyan sayis suna yawa a dilar da ta fito daga Turai da Amurka. Ki tambayi mai kaya ranar da yake fasa dila ki je da wuri, ki tafi da tef ɗinki don lambar da ke wuyan riga bata da tabbas, ki shimfiɗa rigar ki auna faɗin ƙirji ki ninka biyu. Ki duba hammata da zif da gindin aljihu. Wadda ta ɗan yi miki yawa ki ɗauka a rage, wadda ta matse ki barta ko da ta burge ki, kar ki saya da niyyar sai na rame. In kin kawo gida a jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu da ɗan Dettol a shanya a rana a goge. Kayan ciki dai ki daure ki sayi sabo. Abaya ta oda a intanet kuwa kar ki tura kuɗi sai an turo miki awon ƙirji da hannu da inci, lambobin 54, 56, 58 da ake rubutawa tsayi suke nufi ba faɗi ba, nan ne masu jiki suke yawan ƙonewa.

Tela in kin samu mai jin magana ki riƙe shi, ki fara gwada shi da yadi mai arha kafin ki miƙa masa leshin biki. Abubuwan da zaki gaya masa: ya bar inci ɗaya da rabi zuwa biyu a ciki ta kowane gefe don a iya buɗewa nan gaba, zif ya zama dogo mai ƙarfi har ƙasan ƙugu, shafin ciki na auduga, hannu ya zama da walawa ki iya ɗaga shi kiyi kabbara, ɗinkin hammata da na bayan siket a bi sau biyu. Bayan rigar a ƙara masa tsayi kaɗan akan gaba, don mazaunai suna ɗage ta. Ranar karɓa ki gwada a wajen ko ki dawo washegari, ki zauna, ki sunkuya, ki ɗaga hannu, in wani waje ya ja a gyara kafin ki cika kuɗi. Hoton da kika gani a Instagram ki nuna masa amma ki tambaye shi tsakani da Allah ko zai zauna a jikinki, tela na ƙwarai zai faɗa miki inda za'a canza.

Akwai abinda ba'a cika faɗa ba, gogayyar cinya da ƙurajen zafin da suke fitowa a ƙasan ƙirji da matsematsi lokacin bazara. Gajeren wando na auduga mai kaiwa kusa da gwiwa a ƙarƙashin zani ko doguwar riga yana maganin gogayyar, ki sayi uku ko huɗu, ko ki shafa ɗan basilin kafin ki fita. Bayan wanka ki tsane duk wani lungu sosai kafin ki sa kaya. In wajen yayi ja yana ƙaiƙayi yana wari a nuna wa ma'aikacin lafiya, kuma dan Allah kar a shafa man bilicin don cinya tayi duhu, fatar wajen siririya ce lalacewa take yi. Bel ɗin matse ciki na ranar biki awa kaɗan ba laifi in kina numfashi da kyau, amma baya narkar da kitse, haka shayin ramewa da ƙwayoyin ƙara hips da ake tallatawa babu sunan kamfani babu lambar NAFDAC, kar ki kai su bakinki.

Mayafi ki zaɓi mai faɗi wanda zai rufe kafaɗa da ƙirji ya sauko, baƙi ɗaya, ruwan madara ɗaya, ruwan zuma ko toka ɗaya sun shiga kusan duk atamfar da kike da ita. Ɗaurin ɗankwali in fuskarki mai faɗi ce ki ɗan ɗaga shi sama ya ba fuskar tsayi, amma ki tura shi ya zauna bayan gashin gaba kaɗan ko ki sa hula mai santsi a ƙasa, kuma kar ki ɗaure shi tamau. Takalmi mai faɗin dunduniya ya fi tsinin nan sauƙi ga gwiwa, kuma da yamma ake gwada takalmi lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Atamfa in zaki wanke ki juya bayanta, ruwan sanyi da sabulu mai laushi, kar ta kwana a jiƙe, a shanya a inuwa, leshi kuma da hannu kawai banda murzawa, a goge shi ta ciki da ƙyalle a sama don kar dutsen guga ya ƙona zaren.